Kifi Na Bin Ruwa: Yadda Jujjuyawar Yanayi Ke Sauya Zafin Teku Da Wuraren Kamun Kifi

A shekarar 1970 jiragen masuntan ƙasar Peru sun sauke sama da tan miliyan 12 na wani ɗan ƙaramin kifi mai suna ancobeta, wanda tsawonsa bai cika wuce tafin hannu ba. Har yau ba a taɓa kama wani jinsin kifi guda da yawa haka cikin shekara ɗaya ba. Shekara uku bayan nan, abin da aka samu bai kai tan miliyan 2 ba. Masana'antun garin kifi suka rurrufe, ma'aikata suka rasa abin yi, girgizar ta kai har gonakin da ke nesa da teku. Da garin kifi ya yi ƙaranci a abincin kaji da na dabbobi, sai kowa ya koma kan waken soya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnatin Amurka ta taƙaita fitar da shi waje a watan Yunin 1973.

Abin da ya shiga tsakani shi ne ruwan gaɓar Peru ya ɗumama a 1972, daidai lokacin da ake kwasar kifin fiye da kima. An daɗe ana muhawara kan wanda ya fi laifi, ruwan ko tarun, amma tambayar ba ta zauna daidai ba. Idan kifi ya yi ƙaranci a tashar jirage, abu uku ne ke iya jawo hakan: ko kifin ya ƙaura wani wuri, ko yana nan amma ya nutse inda taru ba ya kaiwa, ko kuwa yawansa ne ya ragu da gaske domin 'ya'yansa ba su rayu ba. Zafin ruwa na da hannu a duka ukun, kuma kowanne maganinsa daban. Manyan asarorin da aka tafka a wannan sana'a, da yawansu daga ɗaukar wannan a matsayin wancan suka taso.

Sai a fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Sauyin yanayi ɗumama ce mai tafiya gefe guda a hankali, kuma teku ne ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da duniya ta tara. Zafin fuskar teku ya ƙaru da kusan digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas cikin ƙarni da 'yan kai. Jujjuyawar yanayi kuwa kai da komo ce: shekara ɗaya ko biyu na zafi, wasu na sanyi, wani zagayen ma ya ɗauki shekara ashirin ko talatin. Tana nan tun kafin a ƙera injin farko. Ga masuncin da ke lissafin kakar bana, jujjuyawa ta fi tasiri nesa ba kusa ba, domin tana iya ƙara wa ruwan wani yanki digiri uku ko huɗu cikin 'yan watanni. Abin da ɗumamar duniya ke yi shi ne ta ɗaga tushen da jujjuyawar ke tashi daga kai, ta yadda kowace shekarar zafi sai ta tarar da ruwan ya riga ya ɗan ɗumama.

Haske a sama, taki a ƙasa

Ba za a fahimci komai a nan ba sai an san cewa teku hawa-hawa ne. Rana daga sama take ɗumama shi, kuma ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, don haka yana zama a sama. Wannan hawa na sama, wanda iska da igiya ke gaurayawa, kaurinsa kan kama daga mita ashirin zuwa ɗari da wani abu, gwargwadon wuri da lokaci. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan tsakani inda zafi ke faɗuwa da sauri, wanda za mu kira shingen zafi. Ƙasa da shi kuma sanyi ne ƙalau, har a ƙasashen zafi, inda a zurfin mita dubu ruwa kan kasance kusan digiri 4 ko 5.

Abincin duk wani kifin teku yana farawa ne daga fulankton, wato ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, masu yawo a ruwa. Kamar kowane tsiro, suna bukatar haske da taki, wato sinadarai irin su naitiret da fosfet. Matsalar ita ce haske a sama yake, takin kuma a ƙasa, domin duk abin da ya mutu nutsewa yake yi ya ruɓe can ƙarƙashin shingen zafi. Shi ya sa tsakiyar manyan tekuna, inda ruwa ya fi kyan gani da shuɗi, kusan fayau yake. Inda duk aka ga kifi jingim, to akwai wani abu da ke ɗauko ruwan ƙasa ya kawo shi cikin haske.

Babban mai wannan aiki shi ne iska. Idan ta daɗe tana kaɗawa a kan ruwa, juyawar duniya kan sa jimillar ruwan sama ya karkata, ba ya bin iskar kai tsaye: yana tafiya dama da ita a arewacin ikwaita, hagu da ita a kudanci. Wani masani ɗan Suwidin mai suna Ekman ne ya yi lissafin wannan a 1905. To a gaɓar yammacin nahiyoyi, inda iska ke bin gefen ƙasa tana nufar ikwaita, wannan karkata na ture ruwan sama zuwa cikin teku, sai ruwan sanyi daga zurfin mita 50 zuwa 200 ya taso ya cike gurbin. Tasowar a hankali take, 'yan mitoci ne a yini, amma ta isa. Manyan wurare huɗu ne suka shahara da haka: gaɓar Peru da Chile, gaɓar Kalifoniya, gaɓar arewa maso yammacin Afirka daga Maroko zuwa Senegal, da gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu. Dukkansu a haɗe ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na faɗin teku ba, amma daga nan ake samun kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin tekun da duniya ke kamawa.

Kada a ɗauka ƙarin iska kullum ƙarin kifi ne. Binciken da aka yi a waɗannan yankuna a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna 'ya'yan sadin da ancobi, dangin ancobeta, sun fi rayuwa idan gudun iska na wajen mita 5 zuwa 6 a daƙiƙa. Ƙasa da haka taki ba ya tasowa sosai. Sama da haka ruwa ya rikice, abincin 'ya'yan ya warwatse, su kansu a kwashe su zuwa tsakiyar teku inda ba abin ci.

Abin da El Nino ke yi a ƙarƙashin ruwa

A shekarun da al'amura ke tafiya yadda aka saba, iskar gabas na kaɗawa a kan Tekun Fasifik, tana tura ruwan ɗumi zuwa wajen Indunisiya. Ruwa na taruwa a can har fuskar teku ta fi ta gefen Amurka ta Kudu tudu da kusan rabin mita. Shingen zafi shi ma ya karkace: a yamma yana can zurfin mita 150 ko fiye, a gabas kuwa yana kusa da sama, mita 50 ko ƙasa da haka. Kamar daro ne cike da ruwa da aka karkata aka riƙe; da zarar hannu ya sassauta, ruwan zai kwararo ɗaya gefen.

Sassautawar ita ce El Nino. Kowace shekara biyu zuwa bakwai iskar gabas kan yi rauni, wani lokaci ma iskar yamma ta yi ta bugowa na 'yan kwanaki. Sai wata igiya ta ƙarƙashin ruwa ta taso ta bi layin ikwaita zuwa gabas, cikin wata biyu zuwa uku ta isa gaɓar Ekwado da Peru, tana danna shingen zafi ƙasa duk inda ta bi. Ruwan gabas ya ɗumama, bambancin zafi tsakanin gabas da yamma ya ragu, iskar da wannan bambanci ke haifarwa ta ƙara rauni, abin ya yi ta ciyar da kansa. Jacob Bjerknes ne ya fayyace wannan alaƙa ta iska da ruwa a 1969. El Nino kan ɗauki wata tara zuwa shekara guda, sau da yawa kuma kishiyarsa La Nina ta biyo baya, inda iskar gabas ke ƙarfi fiye da kima, ruwan gabas ya yi sanyi. Manyan da aka gani a wannan zamani su ne na 1972 zuwa 1973, 1982 zuwa 1983, 1997 zuwa 1998, 2015 zuwa 2016, sai na 2023 zuwa 2024.

Ga wurin da mutane da yawa ke kuskure. Ana cewa El Nino na tsayar da tasowar ruwa a gaɓar Peru. Sau da yawa iskar gaɓar na nan tana kaɗawa, ruwa kuma na ci gaba da tasowa daga zurfin da ya saba. Abin da ya canja shi ne shingen zafi ya sauka ƙasa da wannan zurfi, don haka ruwan da ke tasowa mai ɗumi ne, ba taki a cikinsa. A manyan shekarun El Nino, wasu tashoshin arewacin Peru sun auna ƙarin zafi na digiri 6 zuwa 8 a kan abin da aka saba.

Ancobeta kifin ruwan sanyi ne, ya fi son digiri 14 zuwa 22 ko kusa da haka. Idan ɗumi ya shigo, hanya uku gare shi, kuma duka yake bi. Yana gangarawa kudu wajen iyakar Chile. Yana nutsewa ƙasa, wani lokaci har ya wuce mita 100, alhali a da saman mita 50 yake kiwo. Yana kuma matsowa bakin gaɓa, ya cunkushe a 'yan wuraren da ruwan sanyi ya rage. Wanda ya nutse ya fi ƙarfin tarun zobe, wato tarun da jirgi ke kewaye garken kifi da shi sannan a zuge bakinsa na ƙasa, domin tarun yana da iyakar zurfin da yake kaiwa. Wanda ya matso gaɓa kuwa ya shiga hannu.

A nan tarkon yake. Kifin da a da ya bazu a ɗaruruwan kilomita yanzu ya taru a 'yan aljihuna. Jirgi ya fita da asuba, kafin rana ta yi tsaka ya cika. Wanda ke duba littafin sauke kaya zai ce kifi ya yi albarka bana, alhali ragowar iyayen ne ake kwashewa a lokacin da suka rame, ba su kuma haihu da kyau ba. Haka aka yi a farkon 1972. Duk kifin da ke tafiya garke-garke na da wannan hali: yawan abin da jirgi ke samu a fita ɗaya ba ya raguwa daidai da raguwar kifin, sai dai a wayi gari a tarar babu. Kifin kod na gaɓar Kanada ya yi irin wannan yaudara kafin a rufe kamunsa a 1992.

Peru ta koyi darasi da tsada. Yanzu cibiyar binciken tekunta, IMARPE, na fitar da jirage kafin kowace kaka daga cikin kakanni biyu na shekara, su bi layuka suna auna yawan kifin da na'urar amsa-kuwwa, su jefa taru su duba tsawonsa. Duk ancobetan da bai kai santimita 12 ba ƙarami ne, kuma idan ƙanana suka yi yawa a kamun wani yanki, ana rufe yankin na 'yan kwanaki. Daga 2009 kowane jirgi na da kasonsa, abin da ya rage tseren da ake yi a da. A 2014 ba a buɗe kaka ta biyu ba sam. A tsakiyar 2023 aka soke kaka ta farko a yankin arewa da tsakiya. Masana'antu sun ji jiki, amma a farkon 2024 aka sake buɗewa da kason kusan tan miliyan biyu da rabi. Kifin da aka bari a shekarar zafi shi ne ya haifi na shekarar sanyi. Kuma shekarar El Nino ba asara ce ga kowa ba: jatan lande da wasu kifayen ruwan ɗumi kan yawaita a gaɓar, ga wanda ke da kayan kama su.

Jikin kifi da zafi

Kusan duk kifi zafin jikinsa zafin ruwan da yake ciki ne. A ƙiyasi, idan ruwa ya ƙaru da digiri 10, saurin aikin jikinsa kan ninka biyu, to sai ya ƙara ci, ya ƙara shaƙar oksijin. Ruwan ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin sosai: lita ɗaya ta ruwan teku na ɗaukar kusan miligiram 9 a digiri 10, kusan 7 da rabi a digiri 20, sama da 6 kaɗan a digiri 30. Ga bukata ta ƙaru, ga abin shaƙa ya ragu, ga abinci ya yi ƙaranci domin ruwan sama mai ɗumi ya ƙi gaurayuwa da na ƙasa. Manyan kifaye su suka fi shan wahalar wannan matsi.

An ga wannan ƙarara a arewa maso gabashin Fasifik, inda wani makeken ruwan ɗumi ya zauna daga ƙarshen 2013 zuwa 2016. Kifin kod na Mashigin Alaska ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 2015 da 2017, aka zaftare kason kamunsa da kashi 80 a 2018, aka rufe kamun a ruwan da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayyar Amurka a 2020. A Tekun Bering, ƙaguwar ƙanƙara kusan biliyan goma ta ɓace tsakanin 2018 da 2021, har aka soke kakar kamunta a 2022. Zafin bai kai na kisa kai tsaye ba. Yunwa ce ta kashe su, domin ɗumin ya ƙara musu bukatar abinci a lokacin da suka yi yawa a ɗan wuri.

Amma inda zafi ya fi yanke hukunci shi ne makonnin farko na rayuwar kifi. Ɗan kifi na ƙyanƙyashewa da ɗan guzurin gwaiduwa da zai ishe shi 'yan kwanaki. Idan ya ƙare bai tarar da abincin da ya dace da bakinsa ba, shi ke nan. Johan Hjort, ɗan Norwe, ya nuna tun 1914 cewa wannan ɗan taƙin ne ke raba shekarar albarka da ta rashi. A Tekun Arewa na Turai, inda ake jan na'urar tara fulankton a bayan jiragen kasuwa tun 1931, an ga ƙananan halittun ruwan ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita dubu cikin shekara arba'in. Nau'in mai kitse da 'ya'yan kod ke ci a farkon bazara ya ragu, wanda ya maye gurbinsa kuma a ƙarshen shekara yake yawaita, bayan bukata ta wuce. Illar irin wannan ba ta bayyana a tasha sai bayan shekara biyu zuwa huɗu, lokacin da 'ya'yan da ba su rayu ba ya kamata su shiga taru. A lokacin an manta da shekarar zafin, sai a nemi dalili a wani wuri.

Inda kifi ya ƙaura, kuɗi ya bi shi

Kifin tuna ba ya jira ya mutu, tafiya yake yi. Nau'in sikifjak, wanda aka fi sawa a gwangwani, yana bin gefen gabas na babban tafkin ruwan ɗumin yammacin Fasifik, inda ruwa mai digiri 28 zuwa 29 ke haɗuwa da ruwan sanyi mai abinci. A shekarun La Nina wannan gefe na can yamma, jirage su taru a ruwan Papuwa Niyu Gini da Maikoronisiya. Da El Nino ya zo, gefen ya matsa gabas da dubban kilomita, kifin da jiragen su koma ruwan Kiribati. Yawan kifin bai canja sosai ba, mai ruwan ne ya canja, kuma ga ƙasa irin Kiribati da fiye da rabin kuɗin shigar gwamnatinta daga lasisin kamun kifi yake, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙasashe takwas na yankin, waɗanda ke cikin Yarjejeniyar Nauru ta 1982, sun samo dabara mai kyau. Daga 2007 suka koma sayar da ranakun kamu: a ƙayyade jimillar ranakun shekara, a raba a tsakaninsu, kowane jirgi ya sayi rana, wadda daga 2015 mafi ƙarancin kuɗinta dala 8,000 ne. Ƙasar da kifi ya bar ruwanta bana na iya sayar wa wadda ya koma wurinta ranakunta. Tsarin ya amince tun farko cewa kifin ba zai zauna wuri ɗaya ba, kuma wannan ne ƙarfinsa.

Tekun Indiya na da tasa jujjuyawar tsakanin gabas da yamma. A 1997 zuwa 1998 ruwan yamma ya ɗumama, shingen zafi ya yi ƙasa, tuna ya nutse, jiragen Faransa da na Sifen da ke sansani a tsibiran Seshels suka bar wuraren da suka saba suka nausa can gabas wajen Indunisiya.

Karanta taswirar zafi, da inda take ruɗi

El Nino na 1982 ya shammaci masana, sai da ya yi nisa aka gane. Shi ya sa aka kafa jerin na'urori kusan 70 da aka ɗaure a tsakiyar Fasifik, aka kammala a 1994, suna auna iska da zafi har zurfin mita 500. Daga baya aka ƙara na'urorin Argo, kusan 4,000 a duk tekunan duniya: kowacce na yawo a zurfin mita 1,000, bayan kwana goma ta sauka mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta aika wa tauraron ɗan'adam. Hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, na sanar da yanayin El Nino ne bisa wani yanki na tsakiyar Fasifik, idan zafinsa ya haura abin da aka saba da rabin digiri kuma ya ɗore na watanni.

Mai amfani da taswirar zafin teku ya kula da wasu abubuwa. Tauraron da ke auna zafi da hasken infirared fatar ruwa kawai yake gani, ƙasa da milimita ɗaya. Da rana tsaka idan ba iska, wannan fata na iya fin ruwan da ke mita biyar ƙasa da digiri ɗaya zuwa uku, don haka hoton dare ya fi aminci. Gajimare na toshe shi, kuma wasu taswirorin na cike gurbin da ƙiyasi ba tare da sun nuna ba. Mai aunawa da maikurowef yana ratsa gajimare, amma hotonsa ba shi da kaifi, kuma ba ya aiki dab da gaɓa. Abin nema a taswira shi ne gaɓar ruwa biyu, inda zafi ke canjawa da rabin digiri ko digiri ɗaya cikin 'yan kilomita, domin nan abinci ke taruwa. Tsakiyar ruwan da ya taso yanzu sanyi ne garau amma wayam yake. Sai ya yi kwanaki a haske kafin ya yi kore, ya ƙara wasu kafin masu cin koren su yawaita. Shi ya sa ake haɗa taswirar zafi da ta koren ruwa, kamar yadda cibiyar INCOIS ta Indiya ke yi a sanarwar da take aika wa masunta. Kuma duk wannan sama ne. Zurfin shingen zafi, wanda shi ne ke faɗa ko taru zai kai, sai da ma'aunin da ake saukarwa cikin ruwa ko taswirar tudun fuskar teku.

Hasashe ma yana da iyaka. Wanda aka yi tsakanin Maris da Mayu ya fi kowanne rauni, domin lokacin ne tsarin ke kan mararraba. A 2014 an yi ta jiran babban El Nino, bai zo ba sai shekara mai zuwa. A farkon 2017 kuwa ruwan gaɓar Peru ya ɗumama ƙwarai alhali ma'aunin tsakiyar Fasifik bai nuna komai ba. Ma'aunin duniya ba ya maye gurbin ma'aunin gaɓar da kake kamu.

Dogon zango, da iyakokin da ba sa motsi

Akwai jujjuyawar da ta fi rayuwar jirgi tsawo. Japan ta kama kusan tan miliyan huɗu da rabi na sadin a 1988, a farkon shekarun 2000 kuwa bai kai tan dubu ɗari ba. A laka ta ƙasan teku kusa da Santa Barbara a Kalifoniya, an ƙirga ɓawon kifi hawa bayan hawa, aka ga sadin na yawaita yana rushewa tun fiye da shekara dubu da ɗari biyar, tun babu tarun masana'antu. Wannan ba wanke masunta ba ne. Ma'anarsa ita ce adadin da kifi ya iya jurewa a zangon albarka zai iya kashe shi a zangon rashi. A Mashigin Maine na Amurka, wanda tsakanin 2004 da 2013 ya ɗumama da sauri fiye da kashi 99 cikin 100 na tekun duniya, masunta sun bi kason da aka ba su na kod, amma lissafin kason bai sa zafi a ciki ba, ya yi ta zaton 'ya'yan da ba su zo ba.

Sai maganar iyaka. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 200 daga gaɓarta, kuma yawancin yarjejeniyoyin rabo an gina su ne kan inda kifi yake a lokacin sa hannu. Daga wajen 2007 kifin makarel na arewa maso gabashin Atlantika ya fara shiga ruwan Aislan da yawa a lokacin bazara. Ɗumin ruwa ya buɗe masa hanya, yawan da ya yi kuma ya tura shi neman sabon kiwo. Aislan, wadda a da ba ta cikin rabon, ta yanka wa kanta tan 130,000 a 2010. Tarayyar Turai da Norwe suka ƙi rage nasu daidai da haka. Da aka haɗa abin da kowa ya ba kansa, jimillar ta yi ta wuce shawarar masana shekara bayan shekara, har aka dakatar da takardar shaidar cewa wannan kamu ba ya ƙarar da kifin a 2019. Ƙasashe ne masu jiragen bincike da kuɗi da masana, amma rabon ya gagare su.

Abin ya fi ban tsoro a gaɓar Afirka ta Atlantika, inda kifin da ake magana a kai abincin talaka ne. A Gana da Kwaddibuwa ruwan sanyi na tasowa daga Yuli zuwa Satumba, da wata ƙaramar tasowa wajen Janairu, kuma ƙarfinsa bai dogara ga iskar wurin kaɗai ba. Iskar da ke kaɗawa can kusa da Barazil na aiko da igiyar ƙarƙashin ruwa da ke ɗaga shingen zafi ko ta danne shi. A 1972 an yi kamun sadinela, wani dangin sadin, mai yawan gaske a wannan gaɓa, shekara mai zuwa ya rushe, aka yi shekaru kafin ya farfaɗo. A kudu, ruwan ɗumin Angola kan ɓarke ya shiga gaɓar Namibiya, kamar yadda ya yi a 1984 da 1995. Na 1995 ya tarar da sadin ya riga ya galabaita da kamu da ƙarancin oksijin, ya ƙara durƙusar da shi. A arewa maso yamma kuwa, binciken jirage ya nuna sadinela na matsawa arewa, daga wajen Senegal zuwa Muritaniya da Maroko. Mai babban jirgi zai bi shi. Mai kwalekwale sai ya ƙara mai da kwanaki a ruwa, ko ya tsallaka iyaka ya faɗa hannun masu gadin teku. A hanyar kifin kuma masana'antun garin kifi sun yawaita, musamman a Nuwadibu ta Muritaniya, suna saye ba tare da la'akari da shekarar zafi ko ta sanyi ba. Kwamitin masana na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sha bayyana cewa ana kama sadinelar yankin fiye da kima, kuma ƙasashen da garke ɗaya ke ratsa ruwansu ba su da wani kaso na bai ɗaya da ya ɗaure kowa.